A Mayar wa Yara Ƙaramin Filinsu

Sau biyar Nijeriya ta ɗauki kofin duniya na matasa 'yan ƙasa da shekara 17. Ta fara ɗaukarsa a ƙasar Sin a 1985, lokacin da gasar take ta 'yan ƙasa da shekara 16. Ta sake ɗauka a Japan a 1993, da Koriya ta Kudu a 2007, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2013, sannan da Cile a 2015. Babu ƙasar da ta kamo mu a wannan fage, domin hatta Barazil da ake yi wa kirari da gidan ƙwallo sau huɗu ta ɗauka. Amma fa, ya kai mai karatu, babbar ƙungiyarmu ta Super Eagles ba ta taɓa tsallake zagaye na biyu a gasar kofin duniya ta manya ba. Manomin da gonarsa ke fin ta kowa kyau a tsakiyar damina, amma kaka ta yi rumbunsa bai cika ba, ya kamata ya zauna ya binciki irinsa da yadda yake shuka.

Dubi wasu wasanni biyu da aka yi a fili ɗaya. Ranar 15 ga Nuwamba, 2009, aka yi wasan ƙarshe na gasar matasan a babban filin wasa na Abuja, wanda yanzu ake kira filin Moshood Abiola. Suwizalan ta ci mu ɗaya da nema. Haris Seferovic ne ya ci ƙwallon, kuma a ƙungiyar tasu akwai Granit Xhaka da Ricardo Rodriguez. Bayan shekara 13, su ukun duk suna cikin waɗanda ƙasarsu ta kai gasar kofin duniya ta manya a Katar a 2022. Mu kuwa ba mu je Katar ba, saboda a watan Maris na wannan shekara Gana ta tare mana hanya, a wannan fili dai na Abuja, da kunnen doki ɗaya da ɗaya. Gaskiya ne cewa daga yaranmu na 2009 an sami Kenneth Omeruo da Ogenyi Onazi, waɗanda suka kai babbar ƙungiya har suka ɗauki kofin Afirka a 2013. Sai dai in ka jera sunayen ƙungiyoyin nan biyar da suka ci kofin matasa, ka neme su bayan shekara goma, waɗanda aka daina jin ɗuriyarsu sun fi yawa nesa ba kusa ba.

A ganina matsalar tana farawa tun yaro yana ɗan shekara takwas ko goma, a garuruwa irin su Paikon Kore, wanda tsakaninsa da wancan babban fili bai kai tafiyar awa biyu a mota ba. Paikon Kore gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Gwagwalada, ɗaya daga ƙananan hukumomi shida na Yankin Babban Birnin Tarayya, kuma a nan ne gwamnati ta keɓe wa makiyaya wani gandun kiwo. A wannan yanki za ka tarar da Gbagyi da Bassa da Hausawa da Fulani, ga kuma 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowace kusurwa ta ƙasar nan. Yaran waɗannan mutane duka abu ɗaya ke haɗa su da la'asar, wato ƙwallo.

Ka san yadda suke yin ta idan babu babba a wurin, domin wataƙila kai ma haka ka koya. Su huɗu ko biyar a kowane ɓangare. Raga kuwa dutse biyu ne ko silifa biyu, tsakaninsu taku ɗaya ko biyu, babu mai tsaron gida. Ƙungiyar da aka ci ta fita, wata ta shigo. Wannan shi ne wasan da yara a garuruwan Nijeriya ke kira monki-fos. Babu alƙalin wasa, saboda haka gardama ce ke raba kowace rigima, kuma kowa ya san mai ƙwallo ba ya rasa wurin bugawa ko da ƙafarsa ba ta da daɗi. A irin wannan ɗan fili babu wurin ɓuya. Ƙwallo na zuwa maka ko kana so ko ba ka so, abokin hamayya yana kanka, dole ka tsayar da ita, ka ɗaga kai, ka yanke shawara kafin ƙiftawar ido. Wanda ya kai hari yanzu shi ne zai koma tsaro nan take.

To, sai manya su shigo da niyyar taimako. A sa kofi, a raba riguna, a kwashi yaran nan 'yan shekara goma a kai su filin manya, goma sha ɗaya a nan, goma sha ɗaya a can. Mu yi ɗan lissafi tare. Cikakken filin ƙwallo yana da tsawon mita 105 da faɗin mita 68. Ragarsa tana da faɗin mita 7.32 da tsayin mita 2.44, alhali yaron da aka sa ya tsare ta da ƙyar tsayinsa ya kai mita ɗaya da rabi. Idan wasan na minti 60 ne, yara 22 kuma ƙwallo ɗaya, ko da ƙwallon ba ta taɓa fita waje ba, ko da an raba ta daidai wa daida, rabon kowane yaro bai kai minti uku ba. Ba a kuwa raba ta daidai. Ɗan bayan da aka ce kada ya kuskura ya wuce tsakiya yakan gama wasa bai taɓa ta sau goma ba, a cikin goman ma yawanci doka ta ya yi sama saboda ihun da ake yi masa daga bakin fili. Amma in yara takwas ne, huɗu da huɗu, rabon kowa a wannan minti 60 ya kai bakwai da rabi.

Ni malamin harshe ne, kuma wannan lissafi ba baƙo ba ne a gare ni. Kai da kake koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, ka sani cewa a ajin da ɗalibai suka kai 80, sai zango ya ƙare wani bai buɗe baki ya yi jimla biyar ba. Da zarar an kasa ajin rukuni-rukuni, mutum huɗu ko biyar, har mai kunya sai ya yi magana. Harshe da furtawa ake iya shi, ƙwallo kuma da taɓawa. Kuma ka lura, a ɗan filin nan ne yaro Bafulatani da Bagbagyi da Ibo suke kiran juna da "ba ni", "buga", "bar ta", "yana bayanka", su koyi Hausar da wani lokaci ta fi wadda muke koyarwa a allo zama a baki.

Illar babban fili ba ta tsaya ga ƙarancin taɓa ƙwallo ba, kuma nan ne nake so ka tsaya ka yi nazari sosai. A filin manya, yaron da ya fi tsawo da ƙarfi shi ne sarki. Shi ke iya doka ƙwallo ta yi nisa, shi ke tsere wa kowa, shi ke bugawa sama inda ɗan gola ba ya kaiwa. Kocin unguwa da ke son kofi ya ga haka, sai ya ajiye ƙaramin yaro mai basira a benci, ya nemo mai jiki. Idan mai jikin ya ɗara shekarun gasar da biyu ko uku, sai a kau da kai, domin kowa ya san abokan hamayya ma haka suka yi. Daga nan rage shekaru ke samo tushe. Yaro ya tashi da saninsa cewa yana da shekarun haihuwa, yana kuma da shekarun ƙwallo. Tun daga 2009 hukumar FIFA take amfani da na'urar da ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekarun 'yan wasan wannan gasa. A 2016, shekara ɗaya kacal bayan mun ɗauki kofi a Cile, 'yan wasa 26 daga sansanin Golden Eaglets suka kasa tsallake wannan gwaji, kuma maƙwabciyarmu Nijar ta fitar da ƙungiyar da aka harhaɗa daga wasannin share fage. Mai shekara 20 da ke wasa da 'yan 16 zai yi fice, amma ya riga ya gama girma, ba abin da zai ƙaru da shi. Shi kuwa ɗan 16 na gaskiya da aka bari a benci, wanda shi ne zai ci gaba da bunƙasa, tuni ya yi fushi ya kama wata sana'a.

A ƙaramin fili girman jiki ba ya biya sosai. Babu sararin da za ka yi dogon gudu, raga kuma ƙarama ce, sai an saita. Kocin da ya kawo ƙato ba zai ci ribar da yake tsammani ba, saboda haka kwaɗayin maguɗin ma sai ya ragu.

Abin mamaki, wasan nan da muke ɗauka shirme ne na yara, shi ne ƙasashen da suka fi mu kuɗi suka mayar doka. A Ingila, a shawarar da hukumar ƙwallonsu ta yanke a 2012, an tsara cewa 'yan shekara bakwai da takwas su yi biyar da biyar, 'yan tara da goma su yi bakwai da bakwai, 'yan sha ɗaya da sha biyu su yi tara da tara, sai bayan nan a shiga filin manya. Jamus ta ma fi su tsanantawa. Daga kakar wasa ta 2024 zuwa 2025 ta wajabta wa mafi ƙanƙantar yara wasan biyu da biyu ko uku da uku, da ƙananan raga huɗu, babu mai tsaron gida. Ana jera filaye da yawa, wanda ya ci ya matsa fili na gaba, wanda aka ci ya koma na baya. In ka cire kyawun ciyawa da takalma, yaron Paikon Kore zai gane wannan wasa da kallo ɗaya.

Wani zai ce, to ai shi ke nan, a ƙyale yara su yi ta wasansu a layi, ai daga nan su Jay-Jay Okocha da Victor Osimhen suka fito. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ni ma na fi son a ƙyale yaro da silifansa biyu da a ba shi kocin da zai riƙa zaginsa. Amma layin da ake magana a kai yana ƙarewa. Gwagwalada da kewayenta suna cika da gine-gine tun da aka dawo da babban birni Abuja a 1991, fegin da yara ke wasa a kai bana, baɗi an kewaye shi da bulo. Babura sun mallake lunguna. Gidajen kallon ƙwallo da wayar hannu kuma sun mayar da yara da yawa masu sharhi a kan Arsenal da Barcelona maimakon masu bugawa. Sannan layi ba ya gyara kuskure. Yaron da ba ya iya bugu da ƙafar hagu zai kai shekara 18 bai iya ba, tun da ba wanda ya taɓa sa shi ya gwada. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Osimhen kansa sai da ya bi ta hannun masu horarwa a Legas kafin ya ci ƙwallo 10 a Cile, kamar yadda Ahmed Musa ya bi ta makarantar ƙwallo a Jos kafin Kano Pillars.

Ke nan ana buƙatar malami, kuma malamin ya kasance kusa. A nan ma akwai abin koyi. A gasar Turai ta 2000 an kori Jamus tun a zagayen farko, da maki ɗaya da ƙwallo ɗaya. Abin da hukumarsu ta yi shi ne ta baza cibiyoyin horarwa a duk faɗin ƙasar, waɗanda a wani lokaci yawansu ya kai 366, ta zuba musu ƙwararrun masu horarwa, domin yaro mai basira ya sami ƙarin darasi sau ɗaya a mako ba tare da ya bar gidan iyayensa ko makarantarsa ba. A 2014 Jamus ta ɗauki kofin duniya. Aisilan kuma, tsibirin da mutanensa ba su kai 400,000 ba a lokacin, ta dage wajen horar da masu horarwa har ya zamana ƙananan yara a ƙauyuka suna koyo a hannun masu takardar shaida. Ta fitar da Ingila daga gasar Turai ta 2016, ɗan hakin da aka raina ya tsone ido. Ta kuma je gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha, inda Ahmed Musa ya zura mata biyu. Kocinsu a wannan gasa, Heimir Hallgrimsson, likitan haƙori ne.

Mu ma muna da wuraren koyon aikin koci. Akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Surulere, Legas, akwai kuma kwasa-kwasan takardar shaida ta hukumar ƙwallon Afirka, CAF. Sai dai matashin da ke tara yaran unguwa a Paikon Kore ko Dobi ko Ibwa, wanda wataƙila manomi ne ko tela ko malamin firamare, ba shi da kuɗin mota da na masauki da zai bar aikinsa ya tafi neman wannan ilimi. Tun da shi ba zai iya zuwa ba, ilimin ne ya kamata ya zo masa. Ƙaramar hukumar Gwagwalada tana da mazaɓu goma. Koci ɗaya mai takardar shaida, da babur da buhun ƙwallaye, in yana ziyartar mazaɓa ɗaya kowace rana daga Litinin zuwa Juma'a, zai zagaye su duka cikin mako biyu. Mutum shida irinsa sun isa a fara a ƙananan hukumomin Abuja, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Aikinsa na farko shi ne koyar da malaman makaranta da kocin unguwa, domin su ne ke tare da yaran kullum. A lokacin dogon hutu kuma a tara su na mako ɗaya a wuri kamar Kwalejin Ilimi ta Zuba, wadda dama horar da malamai ne aikinta.

Me zai koya musu? Ba dabarun da ake gani a talabijin ba. Zai koya musu yadda ake kasa yara bisa shekaru, da yadda ake auna fili da ƙwallon da ta dace da ƙafar yaro, domin ƙwallo mai lamba biyar ta manya ce, yara lamba uku da huɗu ce tasu. Zai koya musu taimakon gaggawa, da ba yara hutun shan ruwa, wanda duk wanda ya san zafin Gwagwalada a watan Maris ba zai raina shi ba. Zai hana duka da zagi. Abin da ya fi wuya kuma, zai koya musu yin shiru, su bar yaro ya yi kuskure ya gano da kansa. Sannan ya buɗe rajista, a rubuta sunan kowane yaro da ranar haihuwarsa tun yana ɗan shekara takwas, a gwada da rajistar makaranta da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Yaron da aka rubuta shi yau yana da takwas, babu yadda za a yi bayan shekara goma a ce yana da sha biyar. Littafi ɗaya na rajista ya fi na'urar asibiti araha ƙwarai.

Za a ce babu kuɗi. Ni ban yarda ba, domin kuɗin ana kashe su, a wurin da bai dace ba ne kawai. Kowa ya san kofunan da 'yan siyasa ke sawa idan zaɓe ya ƙarato, da rumfuna da makaɗa da hotuna a jikin riguna. Mako biyu an gama, ƙungiyar da aka cire a wasan farko ta buga minti 60 ke nan a shekara. Ba na ƙin gasa. Kofin Ramat da ake yi a Kano don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammad ya daɗe yana haɗa matasan jihohi, kuma ya yi amfani. Amma gasa girbi ce, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Abin da ake kashewa a bikin rufe kofi ɗaya zai sayi ƙwallayen da makarantu da dama za su yi shekara suna amfani da su.

Ke ma ɗaliba, wannan magana ta shafe ki. Ƙungiyar mata ta Super Falcons ta ɗauki kofin Afirka sau goma, na goman a Maroko a 2025, abin da maza ba su ko kusanta ba da ukunsu. Da wuya a tara 'yan mata 22 a ƙauye su fita babban fili idon jama'a a kansu, amma takwas a wani gefe na filin makaranta, tare da malamarsu, abu ne mai yiwuwa gobe. Dokokin ƙwallo na duniya ma sun amince da rufe kai tun 2014.

Iyaye kuma da ke tsoron kada ƙwallo ta raba ɗansu da karatu, tsoronsu yana kan hanya. Cikin dubban yaran da ke bugawa, ƙalilan ne za su ci abinci da ita, kuma akwai 'yan damfara da ke karɓar kuɗin gona da alƙawarin kai yaro Turai. Wannan ma dalili ne na a ajiye wasan a cikin makaranta, a hannun malamin da ya san sakamakon jarrabawar yaron, ya kuma san gidansu. Don haka ne ya wajaba hukumomin ilimi su kare filayen makarantu daga masu yanka su suna gina shaguna.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ajinku zai iya gwadawa a lokacin wasanni na wannan mako. Ku nemi izinin malamin wasanni, ku kasa filin makaranta gida uku a tsawo, gida biyu a faɗi. Za ku sami ƙananan filaye shida, kowanne kamar taku 30 da 20. Huɗu da huɗu a kowane fili, ɗalibai 48 ke nan suke wasa a lokaci ɗaya a wurin da a da 22 ne kawai ke bugawa, saura suna kallo. Kowane zagaye minti bakwai, a busa usur, wanda ya ci ya matsa gaba, wanda aka ci ya koma baya. Bayan zagaye uku ko huɗu za ku tarar kowace ƙungiya tana karawa da tsararta. Ƙwallo shida ce kaɗai abin da za a nema, duwatsun raga kuwa suna nan zube a bakin fili.